Kalandun Isikeli

A ƙauyenmu da ke bayan Levuka, a tsibirin Ovalau, in ka ce kana neman Isikeli sai an tambaye ka wanne. In kuwa ka ce Kyaftin, ko karen ƙauye ya kai ka ƙofar gidan. Abin dariyar shi ne, duk ƙauyen babu wanda teku ta tsana kamarsa. Mutumin da aka haifa taku ashirin daga bakin ruwa, amma in ya hau kwalekwale, kafin a yi nisan kira ya amayar da abin da ya ci shekaranjiya. Sau biyu ya taɓa haye ruwa zuwa Suva, babban birninmu, duka biyun a kwance aka sauke shi. Sai ya bar wa masu iyawa tekunsu, ya rungumi gonarsa ta gwaza da rogo a kan tudu. Ba shi da jirgi, ba shi da kanti, ba ya cikin masu magana a taron ƙauye. Abin alfaharinsa a duniya guda ɗaya ne, kuma yakan faɗe shi ba tare da ɗaga murya ba: shekara ashirin da ɗaya matarsa ta yi a teku, bai taɓa wayar gari bai san inda take ba.

Matar ita ce Torika, doguwa mai jiki, mai dariyar da ake ji daga coci. Aikinta gyaran ɗakuna a manyan jiragen nan farare da ke kwasar masu yawon shaƙatawa daga Sydney, su zaga da su tsibirai su dawo. Ɗaki goma sha takwas take gyarawa, safe da yamma, ta yaye zanin gado, ta ɗaga katifa, ta naɗe tawul ya zama biri ko giwa don fasinja su yi dariya. Wata tara a ruwa, wata uku a gida. Lokacin da ta fara, 'yarsu tilo Arieta tana da shekara shida. Isikeli ne ya raine ta. Ya koyi kitso da ƙyar, matan ƙauye suka yi ta dariya, daga baya suka daina suka fara turo masa nasu 'ya'yan ranar Lahadi da safe. Sun so ƙarin haihuwa, shi da Torika, Allah bai kawo ba, har suka daina zancen.

Duk lokacin da za ta koma aiki, kamfani kan ba ta takardar zangon jirgi, ranar kaza tashar kaza. Ita ko kallonta ba ta yi, don a cewarta duk inda jirgi ya tsaya katifa dai katifa ce. Sai ta bar wa mijinta. Shi kuwa ya karɓo kalandar da ake rabawa kyauta a kantin Dayaram a farkon shekara, irin mai manyan gidajen kwanaki, ya zauna ya cika kowane gida da sunan tasha. Yana da ƙa'idarsa da ba ya karyawa. Abin da takardar kamfani ta ce, da fensir yake rubuta shi, don jirgi kan tsallake tasha in iska ta tashi. Ranar Lahadi bayan coci Torika za ta kira, ya bi mata kwanaki bakwai ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ta ce haka ne sai ya bi kansa da biro. Fensir maganar kamfani ce, biro maganar matarsa. Kowace safiya kuma, in sun durƙusa shi da Arieta, sai ya kira sunan tashar ranar a cikin addu'a, kamar mai tsoron kada Ubangiji ya nemi Torika a Noumea alhali tana Port Vila.

Saboda wannan ne Waisea ya laƙaba masa Kyaftin. Waisea yayan Torika ne, kuma taubashin Isikeli, abin da muke kira tavale, don haka ba ya raga masa ko a gaban fasto. In an zauna shan yangona, abin shan da muke damawa da dakakkiyar saiwa, da la'asar, kafin ƙoƙo ya zagayo sai ka ji shi.

"Kyaftin, yau ina muka yada zango?"

"Lifou. Gobe Vila, in iska ta bari."

"To a riƙe sitiyari da kyau, don Allah kada a yi mana amai a kai."

Shekarar da aka tura jirgin Torika can wajen Tahiti, kiran Lahadinta ya fara shigowa ranar Litinin, don su can suna bayanmu da kwana guda. Waisea ya samu abin yi. Wata uku yana bin Isikeli da jaje: "Tavale, sai haƙuri. Wasu matan gidan iyayensu suke yin yaji, taka jiya ta koma." Isikeli dai ya yi murmushi, ya ƙirƙiro 'yar kibiya da yake zanawa a kusurwar gida don nuna kwanan can.

Wasan Waisea wasa ne. Amma a ƙauye ba a rasa mai baƙin ciki, kuma ni na tsani irin mutanen nan da ba sa iya ganin mace ta fita neman na kanta sai sun laƙa mata wani abu. Wani Peniasi ya taɓa cewa a gaban jama'a, wai an ce matan jirgi kowace tasha da mijinta. Isikeli ya shanye ƙoƙonsa, ya tafa sau uku yadda aka saba, sannan ya ce, "Zaɓi rana, Peniasi. Kowace ka ga dama, ko ta shekara goma baya. In gaya maka inda tawa take. In na gama kai kuma ka gaya mana inda taka ta yini Talatar da ta wuce." Aka kwashe da dariya har mai dama yangona ya kusa kifar da akushi. Daga ranar ba wanda ya sake.

Kalandun da suka ƙare yakan naɗe su ya zuba a bokitan biskit masu murfi, irin waɗanda kowa ke ajiye gari ko sukari a ciki. Da wata babbar guguwa ta zo, mutane suna gudu coci da tabarmi da tukwane, shi da bokiti uku ya shiga, ya koma ya ɗauko na huɗu iska tana neman ɗaga shi. An yi masa dariya har a cikin tsoron. Guguwa ta tafi da rufin gidansa da akwatin Torika, da tsofaffin fasfo ɗinta da littafin aikinta na teku da duk wata takarda da ke ciki. Bokitai kam ko ɗigon ruwa bai shige su ba. Bayan nan Torika ta ƙara kwantiragi ɗaya don a sake rufi, sannan ta ajiye aiki, bayanta ya gaji.

Shekara biyu da dawowarta gida Arieta ta kira daga Sydney, inda take aikin jinya take kuma aure. Ciki gare ta, tagwaye, kuma likita ya ce ta kwanta kada ta ɗaga ko buta. Mijinta tun asuba yake fita wajen aikin gini. Uwarta take so ta zo ta zauna shekara guda.

"Baba, ka sa wayar a fili Mama ta ji. Bizar doguwar zama ce, fom ɗin yana da wahala. Akwai inda suka ce a rubuta duk ƙasar da mutum ya shiga a shekara goma da suka wuce, ranar shiga da ranar fita."

Torika ta yi dariya. "Ni? Ai sai su kawo rim guda na takarda."

"Ba wasa ba ne, Mama. Matar da ke taimaka mana ta ce duk shigarki da fitarki nan ƙasar suna da shi a na'urarsu. In abin da kika rubuta ya saɓa da nasu, za su ce ƙarya kika yi, su hana, kuma ba a sake nema sai bayan shekaru. Na rubuta wa kamfaninku, an sayar da shi, babu mai amsawa. Ban san yadda za mu yi ba."

Sai ta fara kuka. Isikeli ya gyara zama, ya yi gyaran murya kamar wanda aka kira ya yi wa'azi.

"Arieta, share hawayenki. Shekara goma kawai suke so? Ki tambaye su ko suna son ashirin."

Abin nema ya samu. A ranar ya hau mota zuwa Levuka ya sayo littattafan rubutu huɗu da rula da biro biyu. Ya shimfiɗa tabarma a baranda, ya jera bokitansa, ya fara da shekarar ƙarshe yana komawa baya, tunda haka fom ya nema. Ba ƙaramin aiki ba ne. Jirgi ɗaya kan shiga ƙasa uku a mako, kuma kwanakin tsakiyar teku ba na kowace ƙasa ba ne, sai an ware su. Yana yi yana karantawa da ƙarfi, masu wucewa suna tsayawa kallo. Waisea ya zo ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Yau ga ranar haukanka, Kyaftin. Na janye rabin abin da na faɗa."

"Rabi kawai?"

"Ragowar sai ka haye Suva a tsaye."

Tunda nake ban taɓa ganin Isikeli da farin ciki kamar na makonnin nan biyu ba. Mutumin da aka yi shekaru ana ɗauka mai 'yar taɓuwa ne, yau ga shi shi kaɗai ke iya kai uwa wajen 'yarta. Har tafiyarsa ta canza.

Torika ce ta fara ba shi mamaki. Kwanakin farko takan zauna kusa da shi tana kankare kwakwa, in ya kira tasha ta ba shi labarin wani fasinja da ya bar haƙoran roba a ƙarƙashin matashi. Da ya gama bokiti na farko ya buɗe na biyu, labari ya ragu. Ta daina zama a baranda. Ta sa gishiri sau biyu a kifi, wata rana kuma ta bar gwaza ta ƙone tana tsaye a kanta. Ya ɗauka tunanin Arieta ne, sai ya ƙara sauri don ya sauƙaƙa mata, bai san kowace shekara da ya kammala ƙara matso da ita bakin rami yake yi ba. Ranar Juma'a da hantsi ya ɗauko kalandar shekara tara baya, ya warware ta, ya danne kusurwoyinta da duwatsu.

"Baban Arieta," ta ce daga bakin ƙofa, "bar wannan sai Litinin."

"Saura biyu kacal fa."

"Na sani. Ka bar ta."

Ta ɗaura zaninta na fita ta nufi gidan yayanta. Wannan ma abin lura ne, don a wajenmu mace ba ta cika zama hira da ɗan'uwanta namiji ba, in da magana ta bakin matarsa ake aikawa.

Asabar da azahar Isikeli yana gyara ƙotar adda a cikin ɗaki sai ya ji an yi sallama irin ta baƙi. Waisea ne, da baƙin zani irin wanda mazanmu ke ɗaurawa da farar riga mai maɓalli har wuya, kamar mai zuwa jana'iza. Bai shigo ta ƙofar gefe da ya saba ba, ta ƙofar baƙi da ke ƙasan ɗaki ya shigo a duƙe, ya zauna can bakin tabarma. Torika tana bayansa, kai a sunkuye, a cikin ɗakinta amma a wurin zaman baƙo. Waisea ya ajiye damin saiwar yangona a gabansa. Sannan ya zaro tabua daga cikin riga, haƙorin nan na ƙaton kifin teku mai igiya, wanda ba a fito da shi sai neman aure, ko mutuwa, ko roƙon gafarar babban laifi.

Isikeli ya ajiye addar.

"Tavale, wasan me ke nan?"

"Ba wasa, Baban Arieta." Rabon da Waisea ya kira shi haka tun ranar sunan yarinyar. Ya riƙe haƙorin da hannu biyu, ya fara jawabin da aka gada, cewa sun zo da nauyin gidansu, ƙanƙanin abu ne a hannunsu amma laifin babba ne, jiya kawai shi ma ya ji. Ya kai inda zai faɗi laifin sai murya ta ƙi. Mutumin da bakinsa bai taɓa mutuwa ba ya zauna yana haɗiyar yawu.

Torika ta ce, "Bari, Yaya. Ni na yi, ni zan faɗa. Baban Arieta, ɗauko kalandar jiya. Buɗe watan Yuli."

Ya ɗauko ya buɗe.

"Daga tara ga wata zuwa uku ga Agusta, me ka rubuta?"

"Sydney, teku, teku, Noumea, Mare, Lifou..." Ya bi da yatsa. Duka da biro ne.

"Ba na cikin jirgin. Ina Sydney."

Ba sai na gaya muku abin da ya faɗo masa a rai ba. Fuskar Peniasi ya gani.

"Da na koma aiki waccan shekarar," ta ce, "ashe da ciki na tafi. Sai da muka yi wata biyu a ruwa na gane. Shekarata arba'in da uku, na ɗauka al'ada ce ta ɗauke. In kamfani ya sani, a tasha ta gaba za su sauke ni. Arieta kuma tana shekara ta biyu a makarantar jinya. Na ce bari in daure in kai wata shida, in dawo maka da shi a gaba, ka gani da idonka, kada in faɗa a waya. Na saki ɗinkin rigar aiki. Na ci gaba da ɗaga katifa. Ranar tara ga Yuli muna tsaye a Sydney jini ya ɓalle mini a ɗaki na goma sha ɗaya. Washegari aka fitar da shi. Wata biyar. Namiji ne."

A waje wata mata tana kiran kajinta.

Allah ya yafe wa Isikeli, ya ƙirga. Hannunsa ne ya tafi da kansa, ya ɗaga shafi, Yuni, Mayu, Afrilu, har Maris, inda ya rubuta ranar goma sha biyu cewa ta tafi. Fabrairu duk gidajen farare ne, tana gida. Lissafi ya fita daidai, ɗansa ne. Ya ɗago ya ga tana kallon yatsansa, kunya ta rufe shi har ya ji da ma ƙasa ta tsage.

"Ƙirga," ta ce a hankali, "hakkinka ne."

"Kin kira ni," ya ce. "Lahadi uku kin kira ni a cikin kwanakin nan. Na ce Noumea, kika ce e. Na ce ya teku, kika ce da ɗan sauƙi."

"Daga gadon asibiti na kira na farko. Sauran daga gidan wata tsohuwa 'yar Tonga, Lesieli, mai shara a asibitin. Ita ta tsaya mini aka binne shi, ita ta riƙe ni har likita ya sallame ni. Kamfani ya so ya turo ni gida, na durƙusa na roƙe su. Da wane ido zan dube ka? Shekara goma sha huɗu kana jira, Allah ya ba ka, ni na kashe maka shi a kan gadon wani Bature."

"Kwana ashirin da shida," ya ce, "ina durƙusawa ina roƙon Allah ya kwantar miki da teku. Ke kina kwance cikin jini, ɗana yana cikin ƙasa, ni ina nan ina ta fama da iska da igiyar ruwa. Ko addu'ar da ta dace ba ki bar ni na yi ba."

Ita dai hawaye kawai take yi.

Waisea yana nan riƙe da haƙori, hannuwansa duk sun gaji. A al'adarmu in ka karɓa ka binne magana, ba ka da ikon sake tono ta, kuma ba kasafai ake mayar da tabua ba. Isikeli ya bar shi a haka har ya ba da tausayi. Sannan ya matsa ya karɓa, ya faɗi kalmomin da ake faɗa, ya tafa. Aka daka yangona aka dama, suka sha ƙoƙo ɗai-ɗai. Amma karɓar haƙori daban, saukar zuciya daban.

Ni dai ban iya ɗora wa ko ɗayansu laifi ba. Na san da ba don fom ɗin nan ba da Torika da maganar za ta shiga kabari, kuma da ta yi shiru ta bar shi ya kwafa, da an hana bizar, Arieta ta haihu ba uwa a kusa, shi kuma ya yi ta neman inda ya yi kuskure a kalandarsa har ya mutu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sai dai na ji wa Isikeli ciwo ƙwarai. Abu ɗaya ya mallaka a duniya, aka nuna masa rami a tsakiyarsa.

Lahadi bai je coci ba. Litinin ya hau gona tun sanyin safiya, bai sauko ba sai da rana ta yi ja, kuma wanda ya wuce ta wajen ya ce bai ga ya cire ko ciyawa ɗaya ba. Bokitai suna baranda a buɗe, kaji suna hawa. Arieta ta kira sau biyu tana tambayar ina aka kwana, Torika ta ce mata babanta ba ya jin daɗi.

Talata da hantsi ya sauko da wuri. Ya wanke hannu, ya kori kaji, ya shimfiɗa kalandar, ya ɗauko jan biron da Arieta ta bari tun tana makaranta.

"Maman Arieta, zo ki zauna."

Ta zo ta zauna nesa kaɗan.

"Biro ba ya gogewa. Zan ja layi a kai in rubuta a sama. Ki ba ni su ɗaya bayan ɗaya, yadda muka saba. Tara ga wata."

"Asibiti."

"Da wa a wajenki?"

"Ba kowa."

Ya daɗe kafin ya rubuta. Haka suka bi su, kwana goma sha ɗaya na asibiti, goma sha biyar na gidan Lesieli. Ya tambayi abin da ta ci, ya tambayi ko akwai sanyi, ta ce sanyi kamar ya kashe ta, tsohuwar ce ta ba ta rigarta. Ya tambayi ranar da aka binne shi da sunan maƙabartar, ta faɗa, wani lambu ne da ake haɗa jarirai a ciki. A wani wajen ta kasa magana ya jira ta. A wani wajen shi ya kasa, ta jira shi. Da suka kai uku ga Agusta ya dawo da yatsansa kan gidan goma ga Yuli, wanda ya bari ba rubutu.

"Nan fa? Wa zan ce?"

"Ban sa masa suna ba."

"Shekara tara?"

"Sa suna na gidan uba ne. Ya zan yi in sa, uban bai sani ba? Ɗan Torika kawai aka rubuta a ƙarfen da ke kan kabarinsa."

A nan ne Isikeli ya yi kukan da bai yi ranar Asabar ba, da ƙarfi, irin na yara, har maƙwabta suka leƙo suka koma. Da ya lafa ya share fuska da gefen zaninsa, ya rubuta Laisiasa, sunan mahaifinsa.

Laraba ba ta kai dare ba ya gama sauran, da rana tsaka ya rufe littafi na huɗu. A layin Sydney na waccan shekarar ya sa kwana ashirin da shida, a gurbin dalili ya sa jinya. Su biyu suka kira Arieta suka gaya mata tana da ƙane a garin da take zaune, tafiyar rabin sa'a daga gidanta. Mako bakwai bayan an tura takardu biza ta fito, ba a tambayi ko kwana ɗaya ba.

Ranar tafiya ya raka ta tashar jirgin ruwa a Levuka, ya ɗora mata jaka da ƙunshin gwaza dafaffe na ci a hanya. Waisea yana gefe, ya buɗe baki zai yi tsiyarsa ya fasa. Da aka fara kiran fasinja Isikeli ya zaro wata takarda daga aljihu, an naɗe ta sau huɗu, ya danƙa mata. Da manyan baƙaƙe ya rubuta, da rula: Laisiasa, ɗan Isikeli da Torika.

"Ki sa su canza ƙarfen. In Arieta ta samu ƙarfi ki kai ta, da 'yan biyun, su ga kawunsu."

"To."

Ta juya za ta hau ya riƙo hannunta, abin da ba ma yi a gaban mutane.

"In kin je ki gaya masa," ya ce, "ba ƙin sa na yi ba. Ban sani ba ne."